Haƙƙin Yaro Mai Naƙasa a Makaranta Amana Ce a Wuyan Iyaye



Ya ku ƴan'uwa, akwai iyayen da ke ɓoye ɗansu kurma ko makaho a gida, ko su sake shi bara bakin kasuwa, suna kiran hakan haƙuri da ƙaddara. Wannan sakaci ne, kuma za a tambaye su ranar hisabi.

Ku tuna dalilin saukar Suratu Abasa. Makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman ilimi, Manzon Allah (SAW) ya shagala da manyan Ƙuraishawa, sai Ubangiji Ya ja hankalinsa. Wannan makahon ya zama ladanin Annabi, har yakan bar masa Madina in zai fita.

Saboda haka rubuta yaro a lakwal kaɗai bai sauke nauyi ba. Uba ya je wurin darakta da kwamitin COGES, ya nemi a zaunar da mai raunin ji ko gani a layin gaba, a sauƙaƙa wa mai keke shiga aji. In ba a saurare shi ba, ya kai kuka wurin sufeto, cikin ladabi, ba fasawa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, don haka haƙƙinsa yake nema. Akwai makarantar makafi a Yamai, akwai ta kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mai raunin gaɓoɓi a kai shi gashi asibiti da wuri, kafin jijiyoyi su sandare.

Mu kuma jama'ar masallaci, mu raka marar ƙarfi ofis, mu haɗa masa kuɗin mota.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana.