Kafin a Shafa wa Gida Fenti, a Gyara Masa Takarda

Duk wanda ya zaga unguwannin bayan ganuwa a Kano, daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗorayi, daga Hotoro zuwa Na'ibawa, zai ga rubutu iri biyu a jikin katangu. Wani an rubuta shi da gawayi ko jan fenti cewa gidan na sayarwa ne, ga lambar waya a ƙasa. Wani kuma gargaɗi ne: wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara. Na biyun ya fi fallasa halin da cinikin gidaje yake ciki. Mutum ba zai ɓata bangonsa da irin wannan rubutu ba sai ya san cewa a garin nan ana iya sayar da gidansa yana ciki yana barci.

Mai saye ma ya san haka. Shi ya sa yake zuwa da kuɗinsa a hannu da tsoronsa a zuci, kuma tsoron ne yake yanke farashi fiye da tayil da silin. Mai gidan da yake son ya sayar a wannan zamani, aikinsa na farko shi ne ya kawar da wannan tsoro. Yawancin masu sayarwa kuwa ta wani wajen suke farawa: a kira mai fenti, a sauya ƙofar gida, a ɗora farashi bisa abin da aka ji maƙwabci ya sayar, sannan a zauna wata da watanni ana mamakin yadda kowa ke zuwa ya duba ya tafi.

Shi kansa farashin yana ruɗin mutane. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya kai 10,000 a wurare da dama cikin shekara guda, rodi da kwano da katako suka bi bayansa. A ɗauki mutumin da ya sayi gida naira miliyan 10 kafin wannan guguwa, yau aka taya masa miliyan 20. A baki ya ninka kuɗinsa. Amma miliyan 10 ɗin da tana sayen buhu 2,000 na siminti, miliyan 20 ta yanzu ma buhu 2,000 take saye. Idan aka auna da dala, abin da ya kai kusan 21,700 ya dawo wajen 13,300. Ribar da yake murna da ita ba za ta gina masa irin gidan da ya rabu da shi ba.

Wannan ya sa kasuwar ta cije. Mai gida ba ya son sallamawa domin ya san kuɗin gini, mai saye kuma abinci da kuɗin makaranta sun cinye abin da yake tarawa. Babu bashin da zai cike giɓin. Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, don haka abin da bankunan kasuwanci ke ɗorawa ya fi ƙarfin kowane ma'aikaci, ban da cewa akasarin mutanen Kano ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda addini. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa domin ya samu rance a kan kashi 6, akwai kuma bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sai dai kowannensu yana neman gida mai cikakkiyar takarda kafin ya saki ko sisi. Mafi yawan gidajen garin ba su da ita. Saboda haka ciniki ya koma na tsabar kuɗi, masu tsabar kuɗin kuma 'yan kasuwa ne da suka san ciniki, ba sa gaggawa, kuma suna da zaɓi.

Batun takarda ya samo asali ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99. Sashe na 22 na dokar ya ce mai satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma tun 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta nuna cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ba ta da tasiri. Duk da haka, satifiket nawa ne a Kano suke ɗauke da sunan mutumin da ya rasu tun tuni, alhali gidan ya sauya hannu sau uku? Kowane mai saye yana karɓar tsohuwar takarda, a haɗa masa da ta ciniki mai sa hannun shaidu, ya jefa a akwati. Ranar da zai sayar ne yake gane cewa a idon gwamnati gidan ba nasa ba ne.

Masu awon igiya kuwa, waɗanda su ne mafi yawa a Ungogo da Kumbotso da gefen Gwale da Nassarawa, abin da suke da shi bai wuce takardar mai unguwa ko ta dagaci ba. Wannan takarda tana da daraja, kuma masu unguwanni sun kashe rigingimu da yawa tun kafin su kai kotu. Amma ba ta nuna ko fulotin ya hau hanyar ruwa, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko yana cikin filin da aka ware wa makaranta shekara talatin da suka wuce. Waɗannan sai a ofishin bayanan filaye na KANGIS da Ma'aikatar Ƙasa da hukumar tsara birni ta KNUPDA ake gano su.

Rusau ɗin watan Yunin 2023 ya ƙara wa kowa fargaba. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a filin sukuwa da tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da sansanin alhazai, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka yanka aka sayar. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30 a watan Satumba na shekarar, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko mutum yana goyon bayan rusau ɗin ko yana adawa da shi, darasin da masu saye suka ɗauka ɗaya ne: yanzu ba sa tsayawa a kan ganin takarda, suna tambayar tarihin filin, me yake a da, wa ya yanka shi, a wace shekara. A ƙarshen 2024 kuma gwamnatin jiha ta umarci masu satifiket su je su sabunta. Mai gidan da ya yi wannan, ya biya kuɗin ƙasa da ake binsa, ya samu izinin gininsa ya ajiye, ya riga maƙwabcinsa samun ciniki ko da bangonsa ya koɗe.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidan gado. A cikin birni, a Jakara da Mandawari da Yakasai, ana sayar da gidaje masu tarihi saboda magada sun yi yawa, gida kuma ba ya rabuwa gida ashirin. Sayarwar ba laifi ba ce. Laifin yana wajen babban wan da zai kira dillali shi kaɗai, ya karɓi kafin alƙalami, alhali akwai ƙanwa tana aure a Zariya ba ta sani ba, akwai marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan uban, akwai matar mamacin da take da tumuninta kuma a ɗakinta take zaune. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a suke bi, wanda yake tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a: idan ɗan'uwansa ya sayar wa bare kasonsa, yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Gogaggen mai saye ya san wannan, don haka da ya ji an ce gidan gado ne sai ya rage tayi ko ya janye. Iyalan da suka je gaban alƙali aka ƙididdige magada, aka yi wa gidan kuɗi, aka naɗa wakili a rubuce da sa hannun kowa, mata da maza, su ne suke sayarwa da daraja, kuma su ne suke ci gaba da gaisawa bayan an raba kuɗi. 'Yan makonnin da za a ɓata a kotu kafin ciniki sun fi sauƙi a kan shekarun da za a yi a cikinta bayan ciniki.

Sai dillalai. Sana'a ce ta halal, kuma dillalin kirki ya san wanda yake da kuɗi a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, abin da allon da aka kafa a ƙofar gida ba zai taɓa sani ba. Matsalar ita ce bai wa mutum biyar gida ɗaya. Kowanne zai miƙa wa 'yan kayi-nayi, kowanne ya ɗora nasa, kafin mako guda hoton gidan yana yawo a WhatsApp da Facebook da farashi iri huɗu. Mai saye idan ya ga haka sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Dillali ɗaya ko biyu sun isa, a rubuta farashi, a rubuta la'ada, wadda galibi kashi 5 cikin 100 ce, a fayyace wanda zai biya, sannan a haɗa mai gida da mai saye ido da ido kafin a ce an sallama.

Gyara kuwa ƙarami ya wadatar: a toshe yoyon kwano, a yashe kwata, a gyara masai, a share tsakar gida. Abin da yake ɗaga darajar gida a Kano yau shi ne ruwa da hanya. Rijiyar burtsatse mai aiki da layin da mota take shiga da damina sun fi adon falo tasiri. Aibin da ba ya gyaruwa kuma a faɗe shi. Unguwanni da dama a kan cikakkun kududdufai aka gina su, kuma fentin da aka shafa da rani ba ya ɓoye danshi idan Agusta ta zo. Shari'a ta bai wa mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, maƙwabta ma za su gaya masa tun kafin ya biya. Wajen karɓar kuɗi, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba. A bi ta banki, a ga kuɗi sun zauna a asusu, sannan a miƙa takardu da makulli gaban shaidu da lauya.

Ina kasuwar ta dosa? Buƙata ba za ta ragu ba. Ƙidayar 2006 ta bai wa jihar mutum miliyan 9.4, ga haihuwa, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Katsina da Borno. Garin yana miƙewa ta inda aiki yake: hanyar Zariya wajen Ɗangwauro, inda aka mayar da kasuwar magunguna a 2024, da Zawaciki mai tashar tsandauri ta Dala, da hanyar Gwarzo wajen Janguza, inda gwamnatin tarayya take gina rukunin gidaje, da hanyar Katsina wajen Dawanau. Alamu sun nuna ƙananan gidaje masu ɗaki biyu ko uku, kusa da titi, za su ci gaba da tafiya da sauri, manya kuma za su daɗe suna jiran mai rabo. Rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, sun nuna hakan: gidaje masu kyau da tituna, amma da yawansu suka shafe shekaru a rufe, har gwamnati a 2025 ta ba masu su wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya. Wanda ya saya don ajiye kuɗi ya samu, wanda yake neman wurin kwana yana can yana biyan hayar ciki da falo a Kurna.

Gwamnatin jiha tana da babban rabo a wannan gyara. Muddin sauya suna a satifiket yana cin watanni da kuɗi mai yawa, talaka zai ci gaba da jefa takarda a akwati. A rage kuɗin, a sanya wa'adin da ma'aikata ba za su wuce ba, a buɗe hanya mai sauƙi da unguwannin awon igiya za su samu shaidar gwamnati, kuma takardar da wata gwamnati ta bayar bisa ƙa'ida ta zama abin da mai zuwa za ta mutunta.

Akwai kuma masu sayarwar da ya kamata 'yan'uwa su zaunar da su tukuna: magidancin da zai sayar da gidan da iyalinsa suke ciki domin ya ƙara jari, ko ya yi biki, da niyyar zai sayi wani daga baya. A shekarun nan kuɗin da ya kwana wata shida a asusu ba ya sayen abin da zai saya a ranar farko, haya kuma tana tashi duk shekara. Idan sayarwar ta zama dole, ya fara gano gidan da zai koma, ya binciki takardunsa kamar yadda za a binciki nasa, ya daidaita farashi, sannan a ƙulla cinikin biyu a mako ɗaya, a kuma rubuta a takardar ciniki watannin da aka ba shi ya kwashe iyalinsa.