Daga Jibiya zuwa Arlit: Shin nukiliya za ta iya haska Jihar Katsina?

Duk wanda ya san kan iyakar Jibiya, daga Riko zuwa Magama, ya san wani abin mamaki game da maƙwabtakar Najeriya da Nijar. A can arewa, a Arlit, ana haƙar ma'adinin yuraniyom tun 1971, wanda ya daɗe yana ciyar da tashoshin nukiliyar Faransa. Amma wutar da ke haska Maraɗi da Damagaram daga Katsina take tafiya, ta layin da ya ratsa Gazawa. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasar ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta. Mai arzikin yuraniyom ta kwana cikin duhu.

Wannan darasi ne ga masu ganin cewa tunda ma'adinin yana kusa, wutar nukiliya ma ta kusa. Yuraniyom ɗin da ake tonowa yana ɗauke da kashi 0.7 kacal cikin 100 na nau'in da ke ba da makamashi. Sai an tace shi, an inganta shi zuwa kashi 3 ko 5, sannan ya shiga tasha. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke yin wannan aiki.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a fagen. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa a 1976, kuma tun 2004 akwai ƙaramar na'urar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sai dai ƙarfinta bai wuce kilowat talatin da 'yan kai ba, kuma ba ta ba kowa wuta. A 2017 gwamnati ta rattaba hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gini. Har yau ba a aza tubali ba. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, wato Koeberg ta Afirka ta Kudu. Masar kuwa ta fara gina Al-Daba'a a 2022 da bashin dala biliyan 25 daga Rasha.

Ko da an samu kuɗin, akwai cikas na doka. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta, amma kundin tsarin mulki ya bar sha'anin nukiliya a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai. Ba hurumin Gidan Gwamnatin Katsina ba ne.

Babban cikas ɗin kuwa shi ne layin ɗauko wuta. Masana sun yi ittifaƙin cewa bai kamata inji guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin babban layin ƙasa ba, domin idan ya tsaya kwatsam kada ya ja sauran su faɗi. Injin Rosatom ɗaya megawat 1,200 ne, alhali abin da ƙasar ke rarrabawa bai cika wuce megawat 5,000 ba. Haka kuma a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta, ba don tashoshi sun gaza ba, sai don layukan da ke kawo ta sun lalace. Da akwai tashar nukiliya a Geregu a wannan lokaci, da mai niƙa a Jibiya bai ga ko ƙyallinta ba.

Saboda haka ɗan kasuwar da kuɗin man janareta ke cinye masa riba, da ma'aikacin da ke biyan KEDCO kuɗin wutar da bai sha ba, suna da abin da ya fi cancanta su tambayi hukuma a kai: tsaron layuka, ƙarin taransfoma, mita ga kowane gida, cin moriyar tashar iska mai megawat 10 ta Lambar Rimi, da wutar hasken rana a kasuwanni da asibitoci. Waɗannan su ne harsashin da ko tashar nukiliya sai ta same su kafin ta yi amfani. Sai bango ya tsaya ake ɗora masa jinka.