SHARHI: Mixue ya zaga duniya da askirim, ridin Gaya da Ajingi kuwa ɗanye yake fita

A ranar 3 ga Maris, 2025, aka fara cinikin hannun jarin wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Mixue a kasuwar Hong Kong. Babbar sana'arsa ita ce askirim da shayi mai sanyi da ruwan lemun tsami. Amma zuwa ƙarshen 2024 yana da shaguna sama da 46,000, adadin da ya zarce na McDonald's na Amurka, kuma kusan 4,900 daga cikinsu a wajen Sin suke.

Wanda ya kafa shi, Zhang Hongchao, ya fara ne a 1997 a birnin Zhengzhou na lardin Henan, yana sayar da kankararriyar ƙanƙara da jarin yuan 3,000 da kakarsa ta ba shi. A 2018 kamfanin ya buɗe shagonsa na farko a ƙetare, a Hanoi ta Vietnam. A 2020 ya shiga Indonesiya, inda a yanzu yake da shaguna fiye da 2,000.

Mai karatu a Gaya ko Ajingi zai iya cewa ina ruwansa da askirim ɗin Sinawa. Ruwansa yana wurin tambayar da wannan labari ya amsa: a cinikin abin taɓa-ka-lashe, wa ke kwashe riba tsakanin manomi da mai sarrafawa da mai shago? Gabashin Kano na noma ridi da gyaɗa da wake, wato ainihin kayan da ake yin irin wannan ciniki da su, kuma a yau mafi ƙarancin kaso ne ke komawa can.

Inda kuɗin Mixue yake

Kusan dukkan shagunan Mixue, sama da kashi 99 cikin 100, ba na kamfanin ba ne. Ɗan kasuwa ne ke zuba jarinsa, ya kama haya, ya ɗauki ma'aikata, ya rataya sunan kamfanin a ƙofa. Sharaɗin shi ne daga kamfanin zai riƙa sayen garin madara da sukari da ganyen shayi da kofuna da injuna. Bayanan da kamfanin ya gabatar wa masu zuba jari sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga sayar wa masu shagunan waɗannan kayayyaki suke fitowa.

Don haka ne ya gina manyan masana'antu guda biyar a Sin, ya kafa rumbunan ajiya da motocin rarraba kaya nasa na kansa, yana kuma sayen lemun tsami kai tsaye daga yankin da ake noma shi. Da wannan tsari yake iya sayar da askirim ɗaya a kan yuan 2, abin da bai kai naira 500 ba a canjin 2025, kuma ya ci riba. Mai shago na jiran mai saye, shi kuwa kamfani ya riga ya yi cinikinsa tun lokacin da mota ta sauke kaya.

Tsarin yana da nasa aibun. Idan unguwa ta cika da shaguna ciniki ya ragu, mai shago ne ke fara jin jiki. A 2025 kamfanin da kansa ya rage yawan shagunansa a Indonesiya da Vietnam. Ya kuma sha tambayoyi daga Musulmin Indonesiya kan halascin kayansa, har sai da ya samu shaidar halal a farkon 2023.

Mun riga mun ga irinsa

Ba sai Mixue ya zo Kano ba kafin mu fahimci wannan dabara, domin tana kan teburin kowane mai shayi. Taliyar Indomie ta kamfanin Indofood na Indonesiya ce. Kamfanin Tolaram, mai hedikwata a Singafo, shi ya fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka gina masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, sannan a Fatakwal da Kaduna. A lokacin ƙalilan ne suka san wannan abinci. Yau yaro a ƙauyen Ajingi ya san sunansa kamar yadda ya san ɗanwake.

Abin lura shi ne yadda masu harkar suka ɗauki rarraba kaya da muhimmanci. A 2015 kamfanin Kellogg na Amurka ya biya dala miliyan 450 domin mallakar rabin Multipro, reshen Tolaram da ke kai kaya hannun dillalai da 'yan tireda. Tolaram ɗin kuma yana cikin waɗanda suka gina tashar jiragen ruwa ta Lekki. Mai shayin da ke soya indomi da ƙwai a bakin tashar Gaya yana yi wa kamfanin aikin da mai shagon Mixue ke yi a Jakarta: shi ke da risho da benci da zaman dare, kwalin kuwa daga masana'anta yake zuwa.

A gefe guda, Shoprite ya rufe shagonsa na Ado Bayero Mall da ke Kano a Janairun 2024, bayan janye tallafin fetur da faɗuwar darajar naira sun kassara aljihun masu saye. Darasin da ke cikin labaran biyu ɗaya ne. A kasuwar talaka, wanda ya iya rage farashi ya kai kaya lungu shi ke ɗorewa.

Abin da ke fita daga gabashin Kano

Da kaka, 'yan kwano na bin kasuwannin ƙauye suna tattara ridi tiya-tiya. Daga nan buhuna su nufi kasuwar Dawanau, inda ake tankaɗe shi da inji, a loda shi a kwantena zuwa Legas. Ridi na cikin manyan amfanin gona da Nijeriya ke fitarwa, kuma Sin da Japan da Turkiyya na cikin manyan masu saye. A can ake matse shi a yi mai, a niƙa shi a yi miya, a barbaɗa shi a kan biredi da alawa, a sa masa suna da leda mai kyau.

Matan Gaya da Ajingi sun iya wannan aiki tun kaka da kakanni. Suna yin kantun ridi da ƙuli-ƙuli da tunkuza da dakuwa da alkaki da awara. Sai dai kowace tana yi ne ita kaɗai, da turminta da tukunyarta, da gyaɗar da ta saya kwano biyu a farashin ranar. Sau da yawa kuma yarinyar da ya kamata tana aji ita ce ke ɗaukar faranti ta zaga gari talla. A tiredar unguwa ɗaya za ka tarar da biskit da minti na kamfani a jere cikin leda suna iya yin watanni, alhali kantun da aka yi a gidan da ke bayan tiredar ba ya tsallake unguwar. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abubuwa huɗu ke tare hanya. Na farko wutar lantarki, domin injin matsa da na liƙe leda ba sa aiki da alkawari. Na biyu rajistar hukumar NAFDAC, wadda sai da ita manyan kantuna ke karɓar kaya, kuma tana buƙatar wurin aiki mai tsari da gwaji da kuɗi, abin da mace ɗaya ba za ta iya ba. Na uku inganci: gyaɗar da ba ta bushe sosai ba tana yin funfuna mai haifar da gubar aflatoksin, kuma tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin fiya-fiya da ake zubawa a ajiya. Na huɗu jari, wanda ke tilasta wa manomi sayarwa da kaka lokacin da farashi ya fi faɗuwa.

Tambayar da ta dace da 'yan takara

A watan Yunin 2025 Sin ta sanar da shirin cire harajin kwastan ga kayan ƙasashen Afirka 53, ciki har da Nijeriya. Ƙofa ce babba, amma ba ta tantance abin da za mu shigar ta cikinta ba. Idan tsarinmu bai canza ba, ɗanyen ridi ne kawai zai ƙaru. Kano ta taɓa gina dalar gyaɗa ta ciyar da masana'antun Turai shekara da shekaru, kuma da cutar ganye ta 1975 da zuwan arzikin mai suka rushe harkar, ƙauyukan da suka noma gyaɗar ba su gaji masana'anta ba.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kodayake an ci gaba da taƙaddama kan aiwatar da shi. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Gaya da Ajingi da Albasu suna da ɗan majalisar tarayya ɗaya da masarauta ɗaya, don haka ba su rasa inuwar da za su haɗu a ƙarƙashinta ba.

Abin da muka saba gani da sunan tallafi shi ne rabon baro da injin markaɗe da 'yan dubbai a ambulan, a ɗauki hoto a watse. Da irin wannan kuɗi za a iya gina cibiyar sarrafawa guda ɗaya ta ƙungiyar gama-kai, mai aiki da hasken rana, mai rumbun ajiya da na'urar auna danshi da injin matsa da na liƙe leda, da rajistar NAFDAC ɗaya da za ta rufe kayan mata ɗaruruwa ƙarƙashin suna ɗaya. Masu saye na kusa: ɗaliban jami'ar Wudil, tashoshin mota na Dutse da Kano, da shagunan fura da yogot da suka cika birane.

Irin wannan cibiya na iya mutuwa kamar yadda ayyukan gwamnati da dama suka mutu, idan aka damƙa ta ga 'yan jagaliya ko aka bar ta ba mai duba lissafi. Shi ya sa mallakarta ya kamata ya kasance a hannun masu sana'ar, kuma a riƙa liƙa kuɗin shiga da na fita a bainar jama'a.

Zaɓen 2027 zai kawo masu neman ƙuri'a Gaya da Ajingi da buhunan shinkafa da kwalayen taliya. Matasan da za su tarbe su suna da damar tambayarsu nawa ƙaramar hukuma ta karɓa a shekarar da ta wuce, nawa ne daga ciki aka kashe kan sarrafa amfanin gona, kuma a wace unguwa za a kafa injin farko.