A Duba Soket Tun a Dapaong

'Yan'uwa fatake, akwai sakacin da ya kamata mu daina. Mukan tsaya mu ƙirga shanu, mu yi cinikin kuɗin lodi, amma ba mai leƙa soket ɗin wutar da ke haɗa kan mota da tirela. Sai dare ya yi, an gangaro tuddan Aledjo za a shiga Sokodé, jandarma ya tsai da mota don baya duhu ne. To, shanun wa za su kwana a tsaye ba ruwa? Namu ne. Kafin a kai Lomé sun rame, farashi ya faɗi.

Galibi abin ba wuya. A soket mai ƙafa 7 na manyan motoci, farar waya ita ce ta ƙasa, ja ta birki, rawaya da kore na sigina. In direba ya taka birki aka ga sigina na lumshewa, ko fitilu duka suna ƙiftawa tare, farar nan ce ta saki ko ta yi tsatsa. Fitsarin shanu ma yana cin wayoyin ƙarƙashin bodi. In gefe ɗaya ya mutu, a fara da fiyus. Kada a bar yaron mota ya ɗaure shi da waya, gobara ce.

Shawararmu: a gwada fitilu tun a Dapaong kafin saniya ta hau, direba a sitiyari, ɗayanmu a baya yana kallo. Kuɗin rewaya mu raba da mai mota.