Tattalin Gida: Wane Kati Za Ki Damƙa wa Ɗanki Mai Tafiya Karatu Ƙasar Waje?

  

A wannan watan za mu tattauna ne a kan wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, amma yana iya hana gida guda barci, wato katin bankin da za a ba yaro ko yarinya idan za su tafi karatu ƙasar waje. Gidaje da yawa a Kano, Kaduna, Katsina da Sakkwato suna da ɗalibi a Masar, Malesiya, Indiya, Turkiyya, Saudiyya ko Ingila. Idan tafiya ta matso, mu mata hankalinmu yakan koma kan akwati: yaji, kuka, kuɓewa, daddawa, garin kunu da rigunan sanyi. Maganar kuɗi kuwa sai mu ce ai ta maigida ce. To amma ranar da kati ya ƙi aiki, yaro yana tsaye a bakin na'ura a garin da bai san kowa ba, uwa ce ake fara bugo wa waya. Don haka ya kamata uwargida ta san abin da ke cikin wannan kati tun kafin a kai ga filin jirgi.

Kati iri uku ne

Duk da cewa kamanninsu ɗaya, katunan banki sun kasu uku. Na farko shi ne katin cirar kuɗi, wanda muka saba kira katin ATM. Abin da ke cikin asusunki shi yake kashewa, idan ya ƙare ya tsaya. Na biyu shi ne katin lodi, wanda ake zuba masa wani adadi, kamar yadda ake sa wa waya kati, ba ya taɓa sauran ajiyarki. Na uku shi ne katin bashi. Shi wannan banki ne yake biyan kuɗin kayan da aka saya, a ƙarshen wata ya aiko da lissafi. Idan an biya duka kafin wa'adi ya cika, shi ke nan. Idan aka bar saura, sai kuɗin ruwa ya hau kansa. Idan kuwa tsabar kuɗi aka cira da shi a na'ura, galibi ruwan yakan fara hawa ne tun daga ranar.

Mu ɗan yi lissafi tare. A Amurka, matsakaicin ruwan da ake ɗora wa katin bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara a 2024. A ce yaro ya ci bashin dala 1,000 a kan ruwan kashi 24 cikin 100, wato kashi 2 a kowane wata. Ruwan watan farko kaɗai dala 20 ne. Idan dala 25 yake biya duk wata, dala 5 ce kawai ta ragu daga uwar kuɗin. Bayan shekara guda ya biya dala 300, amma har yanzu ana bin sa kusan dala 933. Wa zai biya? Iyayen da ke gida, su da suke neman kuɗinsu da naira. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan irin bashin haihuwa yake yi yana kwance.

Me malamai suka ce?

Kafin lissafin aljihu akwai lissafin lahira. Duk mun san gargaɗin da ya zo a kan cin riba a Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta duba wannan mas'ala a zamanta na 12 a birnin Riyadh, a watan Satumba na shekarar 2000. Matsayar da ta cimma ita ce bai halatta a fitar da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, bai kuma halatta a yi mu'amala da shi ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Idan babu sharaɗin ruwa, ya halatta, kuma banki yana iya karɓar ƙayyadadden kuɗin hidima na fitar da kati ko sabunta shi.

Akwai malaman da suka yi sassauci ga Musulmin da ke zaune a Turai da Amurka idan larura ta tilasta, da sharaɗin biya a kan lokaci. Sai dai uwargida ta tambayi kanta: ɗan shekara 18 da ake aika wa kuɗin abinci daga gida, wace larura ce ta kama shi? Wasu za su ce yaro yana buƙatar ya kafa tarihin bashi a can. Wannan magana ce ta mai niyyar zama ya sayi gida ko mota da bashi, mu kuwa karatu muka tura shi. Ko a Amurkan ma, dokar da aka yi a 2009 ta hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba katin bashi, sai in yana da kuɗin shiga na kansa ko wani babba ya tsaya masa. Masu abin ma sun ga illarsa ga yaransu.

A ƙasashe irin su Malesiya, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, bankunan Musulunci suna bayar da katin bashi da aka tsara bisa shari'a. Mai buƙatarsa ya karanta yarjejeniyar da kyau, ya kuma nuna wa malami. A nan gida muna da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021. Amma sunan banki kaɗai bai isa ba, sai an tambaya ko katinsa yana aiki a ƙasar da za a je. A taƙaice dai, katin da ya dace da ɗalibi shi ne wanda yake kashe abin da ke akwai, wato na cira ko na lodi.

Na naira ko na dala?

A nan sai mu tuna abin da ya faru a baya. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 kacal a wata, daga baya kuma suka dakatar da shi gaba ɗaya. Sai a watan Yuli na 2025 wasu suka dawo da shi, kowane banki da iyakar da ya sa. Abin da aka taɓa rufewa ana iya sake rufe shi, don haka kada ki bar ɗanki ya dogara da katin naira shi kaɗai.

Sai kuma maganar canji. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Iyayen da suka tara kuɗin makaranta da naira sun wayi gari ajiyarsu ba ta kai rabin abin da ake nema ba, har wasu ɗalibanmu a Ingila suka kasa biya a wannan shekarar. Darasin shi ne a buɗe asusun ajiyar kuɗin waje, wanda aka fi sani da asusun dala, a riƙa zuba abin da ya samu kaɗan-kaɗan, a kuma karɓi katinsa. Ki duba tambarin da ke jikin katin: Visa ko Mastercard ake nema. Verve da AfriGo, wanda Babban Banki ya ƙaddamar a 2023, an fi yin su ne don amfanin gida.

Kuɗin makaranta kuwa ba aikin kati ba ne. Ana cike Fom A ta hannun banki, a tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun makarantar. A fara da wuri, domin abin yakan ɗauki lokaci, kuma a guji damƙa wa dillali kuɗin.

Kowace ƙasa da halinta

Tun watan Maris na 2022 katunan Visa da Mastercard na waje suka daina aiki a Rasha, haka ma ba sa aiki a Iran. A Sin da waya ake biyan kusan komai, ta Alipay ko WeChat Pay. A Indiya tsarin UPI ne ya mamaye kasuwa, har mai shayi da shi yake karɓar kuɗi. A Saudiyya katin mada ne ruwan dare. Ma'ana, da zarar yaro ya sami takardar zama, ya buɗe asusu a bankin can, ya zaɓi na Musulunci idan akwai. Katin gida shi ne zai riƙe shi a makonnin farko da kuma ranar gaggawa. A nemi ɗaliban da suka riga shi zuwa a tambaye su, domin na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Abin da za a tambaya a banki

Uwargida, ki raka yaron banki ko ki rubuta wa maigida waɗannan tambayoyi. Yaushe katin zai daina aiki? Kada ya mutu a tsakiyar zango. Nawa ne iyakar cira a rana da a wata? Nawa ake yanka a kowace cira a waje, kuma da wane farashin canji ake lissafi? Idan ya ɓace, ta yaya za a toshe shi daga can? Lambar tabbatarwa da banki ke turowa kafin a biya kuɗi ta intanet, ta layin waya take zuwa ko ta imel? Wannan ta ƙarshe tana wahalar da ɗalibai sosai, domin idan layin gida ya mutu, ga kuɗi a asusu amma ba damar taɓawa. A buɗe wa layin damar aiki a waje, a kuma riƙa sa masa kati lokaci-lokaci.

Ki kuma koya masa wannan: idan na'ura ta tambaye shi ko a yi masa lissafi da dala ko da kuɗin ƙasar da yake, ya zaɓi kuɗin ƙasar. Canjin da na'urar ke yi da kanta yakan fi tsada. Ya kuma rage yawan cira, tunda kowace cira da abin da ake yanka.

A ba shi kati biyu daga bankuna biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a ɗaki tare da fasfo, sannan da ɗan tsabar kuɗi a adane. Ba mu manta da watan Afrilu na 2023 ba, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan, bankuna suka rufe a Khartum, ɗalibanmu suka kwana a hanya kafin a kwaso su. A irin wannan rana abin da ke hannu shi ne kuɗi. Idan kuwa tsabar da zai fita da ita ta haura dala 10,000, doka ta ce a bayyana wa jami'an Kwastam.

Asusun ya kasance da sunan yaron ne. Kada ki ba shi katinki da lambarki, domin banki yana iya toshewa idan ya ga alamar ba mai shi ke amfani da shi ba. Kuma a riƙa tura kuɗin wata-wata. Kuɗin shekara guda a hannun yaro fitina ce ko da mai hankali ne.

Nasihar da ta fi kati

Ki zaunar da shi ko ita kafin tafiya. Lambar sirri da lambobi uku na bayan kati ba a faɗa wa aboki, ba a faɗa wa saurayi ko budurwa, ba a faɗa wa mai bugo waya ya ce daga banki yake. Idan wani ya ce a ara masa asusu za a turo kuɗi ya ba da lada, ya ƙi, ko da ɗan garinsu ne. Da haka 'yan damfara ke wanke kuɗin sata ta hannun ɗalibai, kuma mai asusun hukuma ke kamawa, a rufe asusu, karatu ma ya shiga haɗari. Ya nisanci cacar ƙwallo ta waya, da tayin nan na ɗauki yanzu ka biya daga baya, wanda shi ma bashi ne da ya sake riga.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata uku kafin tafiya, ki fara ba shi kuɗin watansa a kati, ki ce ya rubuta duk abin da ya kashe, ku zauna ku duba tare a ƙarshen wata. Wanda ya iya riƙe naira a gaban idonki, da yardar Allah zai iya riƙe dala a bayan idonki. Ki kuma nuna masa cewa ko da ya yi ɓarna, gara ya faɗa miki da ya je ya ci bashi a ɓoye.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya ba su ilimi mai amfani, ya ciyar da mu da su da halal, ya dawo mana da su lafiya.