Ana Gasa Jikin Mai Jego, Wa Ke Tambayar Zuciyarta?



A zamanmu na farko bayan dawowa hutu, wata 'yar ƙungiyarmu ta ba mu labarin yayarta, kuma ta yarda mu rubuta shi muddin ba mu kama suna ba. Yayar ta zo gida goyon ciki, ta haifi ɗanta na fari lafiya, aka yi suna, taro ya watse. Daga mako na uku sai ta rage cin abinci. Cikin dare jariri na barci, ita idonta biyu tana hawaye. In an miƙo mata yaron sai ta shayar da shi fuskarta na kallon bango. Gwaggonsu ta ce alkunyar ɗan fari ce, har tana yaba mata. Da abin ya yi tsawo aka ce iska ce ta shafe ta a wurin wanka, aka shiga yi mata hayaƙi. Wata maƙwabciya kuwa cewa ta yi rashin godiyar Allah ne, ga wasu can suna neman haihuwa ruwa a jallo. Sai da yaron ya kai wata uku da rabi, ranar allurar rigakafi, wata nas ta dube ta ta ce, "Maman yaro, ke fa, kina samun barci kuwa?" Nan ta fashe da kuka. Nas ɗin ta haɗa ta da likita, kuma yanzu tana samun sauƙi.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wata ukun nan da ta yi a tsakiyar danginta, kowa na hidima da ita, babu wanda ya yi mata wannan tambaya.

Ba mu ce Bahaushe bai iya kula da mai jego ba. Kwana arba'in ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma, ga kunun kanwa, ga yaji, ga ƙauri daga gidan miji, ga tsohuwa a ɗaki tana taya ta raino. Amma duk hidimar nan ta jiki ce. Ra'ayinmu shi ne zuciyar mai ciki da ta mai jego su ma suna kamuwa da ciwo, ciwon yana da magani, kuma bai kamata samun maganin ya rataya ga sa'ar haɗuwa da nas mai lura ba.

Abin ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗin duniya kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa irin tamu adadin ya kai kashi 15.6 lokacin ciki da kashi 19.8 bayan haihuwa. Wato in ka ga mata ashirin a layin rigakafi, da wannan lissafi kusan huɗu daga cikinsu ke nan.

Sai dai ba kowane kukan mai jego ne ciwo ba. Mata da yawa suna jin ƙunci da saurin hawaye daga kwana biyu ko uku bayan haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki da rashin barci, kuma hakan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce mako biyu shi ne abin dubawa: ba ta jin daɗin komai, ba ci ba barci, tana ganin kanta uwar banza. Wata kuma fargaba ce ke cin ta. Gabanta na faɗuwa ba dalili, tana tashi sau goma cikin dare ta duba ko jariri na numfashi. Wannan yakan fara tun tana da ciki. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000: ta rikice cikin kwanakin farko, tana jin muryoyi ko tana faɗin abin da babu shi. Wannan, da duk wadda ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririnta, asibiti za a kai su a ranar, ba a jira wayewar gari.

To mene ne maganin? Mun yi mamaki da muka gano cewa ga mafi yawan matan nan maganin farko magana ce. Wani ɗan ƙungiyarmu ya yi dariya ya ce ai mata kullum cikin magana suke. Amma wannan ba hirar tsakar gida ba ce, zama ne mai tsari da wanda aka horar.

Ga misali daga Pakistan. A ƙauyukan yankin Rawalpindi, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida, waɗanda ba likitoci ba ne, su riƙa zama da masu ciwon damuwa sau 16, daga ƙarshen ciki har jariri ya kai wata goma. A kowane zama ana bin mataki uku. Da farko a taimaki matar ta gano tunanin da ke danne ta, kamar "ni ba zan iya rainon yaron nan ba". Sai a auna tunanin tare da ita, a nemo wanda ya fi kusa da gaskiya: ai ta shayar da shi yau, ta yi masa wanka jiya. Sannan a ba ta ɗan aikin da za ta gwada kafin zama na gaba, kamar ta ci abinci a kan lokaci, ko ta roƙi uwar miji ta riƙe mata yaro awa ɗaya ta runtsa. Da hotuna ake koyarwar saboda waɗanda ba su yi karatu ba, kuma ana jawo miji da uwar miji cikin zaman. Da aka fitar da sakamako a 2008, an ga cewa wata shida bayan haihuwa kashi 23 cikin 100 ne kawai na matan da aka yi wa wannan zama ke da sauran ciwon, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 53 ne. 'Ya'yansu ma sun fi samun cikakken rigakafi, kuma gudawa ta yi musu sauƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga tsarin a matsayin littafin koyarwa ga ma'aikatan lafiya na karkara.

Abin da ya sa misalin nan ya burge mu shi ne gidajen sun yi kama da namu: gidan yawa, uwar miji mai faɗa a ji, likita kuma yana nesa. A nan Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Ba kowace mace ce za ta iya zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware ba, kuma ko da kuɗin mota a hannunta, tsoron a ce mahaukaciya ce ya isa ya hana ta. Amma tana zuwa awo, tana zuwa rigakafi. A jihar Oyo, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwajin da ungozomomin ƙananan asibitoci suka riƙa kula da masu wannan ciwo, kuma mafi yawan matan sun warware. Akwai ma wasu tambayoyi goma da aka tsara a birnin Edinbura tun 1987 don gano damuwar mai jego, waɗanda ake amsawa cikin minti biyar. In ana iya auna hawan jinin mai ciki duk zuwa, ba mu ga abin da zai hana a yi mata waɗannan tambayoyi ba. Shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Muna so mu ga dokar ta iso ɗakin awo.

Wani lokaci magana kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da ƙwaya. Nan ma akwai tsoro, domin kowa ya san mai ciki ba ta shan magani barkatai. Gaskiya ne akwai masu haɗari, kamar valproate da ake bai wa masu farfaɗiya da wasu masu taɓin hankali, wanda yake iya nakasa ɗan da ke ciki. Amma akwai irin su sertraline da likitoci ke rubuta wa masu shayarwa saboda kaɗan ne ke shiga nono. Likita ne zai auna wannan, ba mai kemis na bakin layi ba. Wadda kuma take kan magani sai ta samu ciki, kada ta yanke shi da kanta, ta koma wurin wanda ya rubuta mata. Barin ciwon ba magani shi ma yana da nasa haɗarin ga uwa da ɗa.

Mun san za a ce kakanninmu sun haihu goma-goma ba su san wani ciwon damuwa ba. Mu dai mun ji labaran matan da aka ce jego ya taɓa su, ko wadda aka saka saboda "ta canza hali" bayan haihuwa. Sunan ne babu a lokacin. Masu cewa a yi addu'a kuwa muna tare da su. Mai zazzaɓin cizon sauro ma ana yi masa addu'a, kuma ana kai shi asibiti. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce wa mara lafiya imaninta ne ya yi rauni.

Mu ɗalibai ba likitoci ba ne, kuma kada wani ya karanta bangon nan ya koma gida yana sanya wa matan gidansu sunan ciwo. Amma mu ne ake aika ɗakin mai jego da kwanon kunu. Mu ne ke kwana kusa da ita, mu ke jin kukan da manya ba sa ji. In Yaya ko Anti ko Umma ta wuce mako biyu a haka, ka karɓi jaririn ta samu barci, ka tambaye ta yadda take ji, sannan ka faɗa wa babban da ake jin maganarsa a gidan cewa a ambata wa nas ranar rigakafi. 'Yan uwa maza, da ku muke. Wasunku nan da shekaru kaɗan ku ne mazajen da za a nemi izininsu kafin a tafi asibiti.

Muna roƙon Shugaban Makaranta da malamar Ilimin Kiwon Lafiya su gayyato mana nas ko ungozoma daga asibitin gari ta yi mana bayani a wannan zango. Duk mai tambayar da yake jin kunyar yi a fili ya rubuta a takarda ba suna, ya jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙarƙashin wannan allo kafin ranar Alhamis, mu za mu miƙa mata.