WA YA KAYAR DA SU, JARIDA KO YAƘI?

Sanannen abu ne cewa ɗan siyasa idan ya sha kaye ba kasafai yake fara tuhumar kansa ba, sai dai ya nemi wanda zai jingina wa laifin. Abin da ya auku a Amurka a shekarar 2006 ya ishe mu misali.

A ranar 7 ga Nuwamba ta wannan shekara, jam'iyyar Republican ta Shugaba George W. Bush ta rasa rinjayenta a Majalisar Dattawa da kuma Majalisar Wakilai, wadda take hannunsu tun zaɓen 1994. Washegari Bush ya sanar da murabus ɗin Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld, wanda yaƙin Iraƙi yake wuyansa. Wannan kuwa iƙirari ne a aikace, ko da baki bai furta ba.

Amma da yawa daga masu ra'ayin mazan jiya, musamman masu sharhi a rediyo da talabijin, sai suka tsaya a kan wata da'awa dabam. A wurinsu yaƙin ba shi da aibi, 'yan jarida ne masu sassaucin ra'ayi suka karya zukatan jama'a, suna nuna bama-bamai da gawawwaki dare da rana, suna ɓoye makarantu da asibitocin da aka gyara.

Lalle ne mu ba masu wanke jaridun Amurka ba ne. Sai dai tambaya ita ce, ina suka karkata a lokacin da karkatarsu take da tasiri? Sa'ad da Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 5 ga Fabrairu 2003 yana bayanin makaman ƙare dangi na Saddam Husaini, manyan jaridun nan gaskata shi suka yi. Aka afka wa Iraƙi a watan Maris, aka bincike ƙasar, ba a sami tarin makaman ba. Har jaridar New York Times, wadda mazan jiya suka fi tsana, ta fito a ranar 26 ga Mayu 2004 ta amsa wa masu karatunta cewa ta buga labaran makaman ba tare da isasshen tantancewa ba. Ashe jaridar da ake zargi da rusa yaƙin tana cikin waɗanda suka share masa fage! Hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghuraib ma, ai sojojin Amurka ne suka ɗauke su da hannunsu.

Adalci ne mu ambata cewa ba dukansu suka rufe ido ba. William F. Buckley, dattijon da ya kafa mujallar National Review, ya rubuta tun Fabrairu 2006 cewa manufar Amurka a Iraƙi ta gaza. Haka nan kwamitin da James Baker, tsohon Sakataren Harkokin Waje na mahaifin Bush, ya jagoranta tare da Lee Hamilton, ya ba da shawara a watan Disamba cewa a fara janye dakarun yaƙi, a kuma tattauna da Iran da Siriya. Bush ya yi watsi da wannan. A ranar 10 ga Janairu 2007 ya sanar da ƙarin sojoji fiye da 20,000.

Masu goyon bayansa sukan kafa hujja da cewa kashe-kashe sun ragu bayan haka. Gaskiya ne sun ragu, amma ba ƙarin soja kaɗai ya kawo hakan ba, domin ƙabilun lardin Anbar sun riga sun juya wa Alƙa'ida baya tun 2006. Kuma 2007 ita ce shekarar da sojojin Amurka suka fi mutuwa a duk tsawon yaƙin.

Akwai kuma wata karkata da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a cikinta, alhali babu mai kuka da ita, wato ƙidayar mamata. Sojan Amurka idan ya mutu an san sunansa da garinsu, kuma adadinsu ya kai 3,000 a ƙarshen Disamba 2006. Ba'iraƙe kuwa sai ƙiyasi. A Disamba 2005 Bush ya ce kimanin 30,000 ne suka mutu. A Oktoba 2006 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga binciken da ya ƙiyasta kimanin 655,000, adadin da masana suka yi saɓani a kansa. Bush ya ce binciken ba abin dogaro ba ne, wata guda kafin zaɓen.